Lambun bayan gida a ƙarshen zafi: abin da na tuge, abin da na shuka

2 ga Agusta

Yau ban taɓa fartanya ba. Takarda da biro na ɗauka na zauna lissafi, domin aikin wata biyu masu zuwa duk a kan lissafin nan zai tsaya.

Fangali huɗu gare ni, kowanne faɗin mita 1.2, tsawon mita 3. Na farko tumatir ne da tattasai. Na biyu kokwamba da kabewa. Na uku albasa, wadda ganyenta ya riga ya kwanta. Na huɗu babu komai a cikinsa tun da na haƙe dankali, sai ciyawar da ta fara leƙowa. Wanda ya tsaya a bakin lambun yanzu zai ce komai na kan ganiyarsa: ganye ya yi duhu, tumatir ya yi nauyi har sandunan da na kafa masa suna sunkuyawa. Amma rana ta riga ta juya. Yinin da yake awa 14 yanzu yana raguwa da kusan minti biyu a kullum, kuma ragin ƙaruwa zai yi ta yi har ƙarshen Satumba.

A inda nake, sanyin farko da ke daskarar da raɓa a kan ganye yakan sauka wajen 15 ga Oktoba. Daga yau zuwa ranar kwana 74 ne, kuma da wannan adadi nake auna kowane iri. Ina duba kwanakin da aka rubuta a jikin takardar irin, sai in ƙara 14 a kai. Dalili kuwa, waɗancan kwanakin an ƙidaya su ne a kan shukar farkon shekara, lokacin da yini ke tsawo, ƙasa na ƙara ɗumi. Shukar yanzu kullum hasken da take samu raguwa yake yi, don haka tana tafiya a hankali.

Koren wake marar yaɗo kwana 55 ne, da ƙarin 14 ya zama 69. Ba ya jure daskarewa ko kaɗan, ke nan in bai shiga ƙasa kafin 7 ga wata ba, an yi asarar iri. Karas kwana 70 ne, da ƙari ya kai 84, ya wuce ranar daskarewa, amma shi sanyi ba ya kashe shi, zaƙi ma yake ƙara masa. Kabeji da latas su ma suna jurewa. Nasu iyakar daban ce: idan yini ya gaza awa 10, wanda a nan yakan faru kusan tsakiyar Nuwamba, girma yakan tsaya cik ko da shukar na raye. Dole su cika kafin lokacin. Kuɓewa, kankana da sabuwar kabewa kuwa, na bana ya wuce.

Wanda ke zaune inda ruwa ba ya daskarewa, tasa iyakar wata ce, ko ɗaukewar ruwan sama ko shigowar zafi mai ƙuna. Hanyar dai ɗaya ce: a nemo ranar da ƙofa za ta rufe, a ƙidayo baya.

5 ga Agusta

Na tuge albasa da safe. Mako guda ke nan da na yanke mata ruwa, don haka ta fito da sauƙi, ƙasa na zuba daga jikinta. Na baza ta a kan raga a inuwa, inda iska ke ratsawa ta sama da ta ƙasa. Za ta yi mako biyu zuwa uku a nan, sai wuyanta ya bushe ƙamas, ɓawon waje ya fara ƙara in an taɓa. Masu kaurin wuya da waɗanda suka fitar da karan fure na ware su gefe, su ba sa ajiyuwa, su za a fara ci.

Fangalin ban yi masa kaftu ba. A wannan zafi, duk ƙasar da aka juya danshinta ya tafi, kuma irin ciyawar da ke binne ya fito sama ya samu haske. Na dai cire ciyawa, na zuba ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 2 zuwa 3, na ja manjagara a kai. Wake ya shiga da yamma: zurfin santimita 3, tazarar santimita 10 tsakanin ƙwaya da ƙwaya, layi uku. Ban sa masa takin zamani ba. Wake in ya ƙoshi da naitirojin, sinadarin taki mai sa ganye yin kore, ganye yake tarawa ya yi jinkirin huda, ni kuma ba ni da kwanakin jira.

8 ga Agusta

Na soka ma'aunin zafi cikin fangali na huɗu da azahar, zurfin santimita 5, ya nuna digiri 34. Wannan ita ce babbar wahalar shukar ƙarshen zafi: abin da ake shukawa mai son sanyi ne, ƙasar da ake sa shi kuma tana tiriri.

Irin karas ƙanƙane ne, ba a binne shi fiye da santimita 1, kuma yakan ɗauki mako ɗaya zuwa uku kafin ya tsiro. A duk tsawon lokacin nan, in saman ƙasa ya bushe sau ɗaya bayan ƙwayar ta fara tsaga, shi ke nan, ta mutu. Na jiƙa fangalin sosai tun jiya da dare, yau da yamma na ja layuka, na yafa iri, na rufe da takin da na tankaɗe, na sake yayyafa ruwa, sannan na kwantar da katako a kan kowane layi. Katakon yana tare rana, yana riƙe danshi. Sharaɗinsa ɗaya: a riƙa ɗaga shi safe da yamma ana dubawa, da an ga farin tsiro a cire nan take.

Latas nasa halin daban. Irinsa yana da wata dabara ta kare kai: in zafin ƙasa ya doshi digiri 30, sai ya ƙi tsirowa ya yi barci, ko da ruwa ya ishe shi. Mutane da yawa sukan ɗauka iri ne ya lalace. Na shuka nawa a faranti, na ɗan barbaɗa ƙasa sama-sama don yana son haske, na ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Da ya tsiro zafi ba ya hana shi girma, sai in fitar da shi inuwa.

12 ga Agusta

Zafi ya tsananta. Da rana digiri 35, da dare bai sauka ƙasa da 24 ba. Furannin tumatir suna bushewa a gaɓa suna faɗuwa. Ba cuta ba ce. In rana ta wuce digiri 32, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin furen yakan lalace, ba ya iya ɗaura ɗa. Babu maganin da za a fesa wa wannan, sai dai a yi inuwa a jira. Na ɗaura wani tsohon farin mayafi a sama ta ɓangaren yamma.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin tabo a gindin wasu 'ya'yan, wurin ya lotsa ya yi tauri. Ƙarancin kalsiyam ne a cikin ɗan tumatir ɗin, amma galibi ba ƙasar ce ta rasa shi ba. Kalsiyam a cikin ruwa yake tafiya daga saiwa zuwa sama, kuma ganye ya fi ɗa jan ruwa saboda shi ke fitar da tururi. Ranar da ƙasa ta bushe, ɗan abin da ya samu ganye ne ke kwashewa, ƙarshen ɗan tumatir, wanda ya fi ko'ina nisa, ya tashi a tutar babu. Shi ya sa ban yarda da shawarar zuba ɓawon ƙwai ba. Ɓawon ƙwai yana daɗewa ƙwarai kafin ya narke a ƙasa, kuma ko ya narke, ba ruwan da zai ɗauke shi in ban ruwan ya zama yau akwai gobe babu.

Don haka na daidaita ban ruwa. Lambu yana buƙatar kimanin milimita 25 a mako, wato lita 25 a kowane murabba'in mita. Fangalina murabba'in mita 3.6 ne, ke nan lita 90 a mako, a irin wannan zafi ma fiye. Ina raba shi biyu ko uku, da sassafe, a gindi, a hankali har ya nutse. Yayyafin kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta saba zama a sama inda rana ke gasa ta. Na ƙara busasshiyar ciyawa a gindin tumatir da tattasai har kaurin santimita 7, amma na bar ɗan fili kewaye da kara don kada ya ruɓe.

Wake ya fito, layi uku cif. Latas ma ya tsiro a faranti.

15 ga Agusta

Ƙarƙashin katako shiru, amma da danshi. Na kashe wasu dodon koɗi da suka mai da wurin maɓoya.

18 ga Agusta

Karas ya tsaga ƙasa. Na cire katako, na kafa 'yan sanduna na ɗora mayafi sama da su don inuwar azahar na 'yan kwanaki.

Ganyen wake na ƙasa ya fara ɗigo-ɗigon rawaya. Na sa farar takarda a ƙarƙashi na kaɗa ganyen, sai ga wasu ƙananan ɗigo suna motsi. 'Yan mitsi-mitsin nan ne dangin gizo-gizo, masu tsotse ruwan ganye ta baya. Zafi da bushewa su ne abincin ransu, a irin wannan yanayi daga ƙwai zuwa babba kusan mako guda ne. Ban ɗauko maganin ƙwari ba. Yawancin magungunan feshi ba sa kama su sosai, sai dai su kashe ƙwarin da ke cin su, bayan kwana kaɗan a ga sun ninka. Ruwa mai ƙarfi nake watsa wa bayan ganyen da safe, zan maimaita bayan kwana biyu-biyu.

21 ga Agusta

Yau na tuge kokwamba, kuma ba da daɗin rai ba.

Ganyenta ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Wannan fumfunar ba ta buƙatar ganye ya jiƙe kafin ta kama, rana mai ɗumi da dare mai laima sun ishe ta, shi ya sa ƙarshen zafi ne lokacinta. A farkonta ana iya rage ta da cire ganyen da ya kamu da buɗe wa iska hanya. Nawa ya wuce nan. 'Ya'yan da take yi yanzu ƙanana ne, a lanƙwashe, wasu da ɗaci.

Maƙwabciyata, dattijuwar da ta riga ni sanin lambu nesa ba kusa ba, ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Haba 'yata, shuka da ranta ake tugewa? Ga fure a jikinta." Na ce, "Inna, furen na gani. Amma kabejin da ke faranti ya yi ganye biyar, in ya ƙara mako biyu a can saiwarsa za ta nannaɗe, kuma ba shi da wani wuri sai nan." Ta girgiza kai, ba ta gamsu ba. Na fahimce ta. Wanda ya raini shuka tun tana ƙwaya, hannunsa ba ya son tuge ta tana kore. Amma tambayar da nake yi wa kaina a wannan wata ita ce: wurin nan, me zai ba ni daga yau zuwa Nuwamba? Kokwamba za ta ba ni 'yan ƙwarori marasa kyau, ta kuma ci gaba da watsa wa kabewa cuta. Kabeji zai ba ni kai shida masu nauyi. Kowane mako na ƙara mata, daga bakin kabeji na cire shi.

Na yanke ta daga gindi, na zuba a buhu. Na gyara wurin da taki, na dasa kabeji da la'asar, tazarar santimita 45, na binne karan har zuwa ganyen farko, na danna ƙasa da kyau, na shayar da kowanne. Kafin in shiga gida na rufe su da raga mai ƙananan ƙofofi, na danne gefenta da duwatsu. Farin malam-buɗe-littafi ya cika lambun, kuma shi ne ke saka ƙwai a bayan ganyen kabeji, koren tsutsa ta fito ta cinye zuciyar shukar. Ragar kada ta taɓa ganye, in ta taɓa, ta cikin ƙofofin zai saka ƙwansa.

25 ga Agusta

Ruwa mai ƙarfi ya sauka cikin dare bayan dogon fari. Da safe tumatir da yawa sun tsage. Naman ciki ya sha ruwa ya kumbura da sauri, fatar da zafi ya taurara ba ta iya miƙewa ba. Waɗanda gindinsu ke rufe da ciyawa mai kauri sun fi tsira.

Daga yau na canza yadda nake tsinka. Ba na jira ya yi ja a jikin uwa. Da zarar gindinsa ya fara sauya launi, ya ɗan yi ruwan hoda, na cire shi. A wannan mataki ya gama karɓar kusan duk abin da zai karɓa, sauran nunar da kansa yake yi da iskar etilin da yake fitarwa. A zafin da ya wuce digiri 30 ma jan launin ba ya fitowa sosai, sai ya tsaya ruwan lemo. Cikin ɗaki, a digiri 20 zuwa 24, ya fi nuna da kyau, ya kuma tsira daga tsagewa da tsuntsu. Ba sai an jera shi a taga ba, haske ba shi ne ke nunar da shi ba. Firiji kuwa yana kashe masa ƙamshi, ba na sa ɗanye a ciki.

30 ga Agusta

Daga fure zuwa nunannen tumatir mako shida zuwa takwas ne. Furen da ya buɗe bayan yau ba zai kai ba. Na yanke kan kowace shuka, na bar ganye biyu sama da tarin 'ya'yan da ya fi tsawo, na cire sababbin furanni da 'yan rassan da ke fitowa a hammata. Na kuma cire ganyen ƙasa masu tabo ruwan kasa, zobe cikin zobe, waɗanda ruwa ke fantsamo musu cuta daga ƙasa. Ban tsiraita shukar ba, domin ganyen sama ne ke ciyar da 'ya'yan, shi ne kuma inuwarsu.

Tattasai ma na cire masa furanni da ƙananan 'ya'yan da ba su kai girman babban yatsa ba.

3 ga Satumba

Tarin shara ya yi yawa, na haɗa taki. Kore da busasshe nake jerawa hawa-hawa: ganyen da na yanke da ɓawon kayan lambu, sannan busasshen ganye da yagaggen kwali, busasshen ya ninka koren a yawa. Ina jiƙa kowane hawa, ma'aunina shi ne in na matse dunƙule a hannu ɗigo ɗaya ko biyu ya fito. Tari in bai kai mita ɗaya a tsawo da faɗi ba, ba ya riƙe zafi. In ya yi daidai cikinsa yakan kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe yawancin irin ciyawa. Gefen tarin ba ya kai haka, shi ya sa ciyawar da ta riga ta yi iri da ganyen tumatir mai tabo ban sa su ba.

7 ga Satumba

Na rage karas, na bar santimita 5 tsakani. Da almakashi na yanke waɗanda za su tafi, tugewa tana girgiza saiwar na kusa. Na yi da yamma na kwashe ganyen nan take, don warinsa ne ke kiran ƙudan da tsutsarsa ke huda karas.

Latas ya koma rabin fangali na huɗu, tazarar santimita 25. Na sake shuka wani a faranti, wannan karon a waje, tunda dare ya yi sanyi. Dodon koɗi ya dawo tare da raɓa. Da tocila nake fita bayan duhu ya yi in tsince su, babu abin da ya fi wannan aiki.

'Yan mitsi-mitsin wake sun ja baya tun bayan ruwan sama. Wake ya fara huda.

11 ga Satumba

Kwana biyu ana yayyafi, gari ya yi luf, hazo bai tashi ba sai hantsi. Wannan yanayi nake tsoro fiye da zafi, saboda baƙar cutar tumatir da dankali. A Birtaniya masu yi wa manoma gargaɗi suna da ma'auni: in aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, laimar iska kuma ta kai kashi 90 cikin ɗari na aƙalla awa shida a kowace rana, to cutar na iya tashi. Ita ce ta faɗa wa dankalin Ailan a 1845, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. A ƙaramin lambu ma ba ta da wasa, tana iya gama fangali cikin mako guda.

Alamarta ta bambanta da tabon zobe. Tabo ne babba, launin toka-toka mai duhu, kamar ganyen ya jiƙe da mai, da safe a ga farin gashi-gashi a bayansa, kara ya yi baƙi, ɗan tumatir ya yi tabo mai tauri ruwan kasa. Na bi shukokin ɗaya bayan ɗaya ban ga komai ba. Feshin maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe kariya ce kawai kafin ta shigo, ba ya warkar da wanda ya kamu. In ta bayyana, shawarata a yanke take: in tsinke duk koren da ya cika, in tuge shukar gaba ɗaya a ranar, ba tare da jiran gobe ba, domin iska ce ke ɗaukar ta zuwa lambun maƙwabta.

16 ga Satumba

Rana ta dawo. Na ɗebi iri.

Tumatir iri biyu gare ni. Ɗaya an rubuta F1 a takardarsa, wato haɗin aure ne na iyaye biyu, 'ya'yansa ba za su fito kamarsa ba, don haka ban ɓata lokaci a kansa ba. Ɗayan tsohon iri ne, kuma tumatir yawanci kansa yake yi wa barbara, abin da aka ɗiba shi za a samu. Na zaɓi 'ya'ya daga shukar da ta fi lafiya, ba daga ɗan da ya fi girma ba. Na matse ƙwayoyin da ruwansu a kofi, na bar su kwana biyu zuwa uku su yi tsami. Tsamin ne ke narkar da yauƙin da ke kewaye da ƙwayar, wanda ke hana ta tsirowa. Bayan nan sai a zuba ruwa a juya: mai kyau ya nutse, fanko ya taso. A faranti ake shanyawa a inuwa, a takarda mannewa yake yi. In ya bushe sosai aka ajiye a wuri mai sanyi marar laima, yakan yi shekara huɗu ko fiye. Irin albasa kuwa da ƙyar yake wuce shekara ɗaya zuwa biyu.

Na kabewa ban ɗiba ba. Ƙudan zuma na yawo tsakanin lambuna, ban san da wa aka haɗa ta ba.

20 ga Satumba

Kabewa ta cika. Farce ba ya shiga fatarta, karan ya bushe ya yi tauri. Na yanke kowace da kara mai tsawon yatsa, domin wadda karanta ya ɓalle daga nan take fara ruɓa. Za su sha ɗumi kwana goma kafin su shiga ajiya.

Wurin da suka bari ba zan bar shi tsirara ba. Ƙasar da ba komai a kanta ruwan sanyi yana wanke mata abinci, yana daddaɓe samanta. Na yafa sha'ir da yawa, na ja manjagara. Ba don girbi ba ne. Zai tsiro ya riƙe ƙasa, saiwarsa ta kama naitirojin ɗin da ya rage kafin ya zurare, in sanyi mai tsanani ya kashe shi ya kwanta ya zama rufi.

Iska ta karya wake ɗaya, na tuge shi na duba saiwa. Akwai 'yan ƙulluttai a jiki, na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Jan shi ne shaidar ƙwayoyin halittar da ke zaune a ciki suna aiki, suna kamo naitirojin daga iska. Amma kada a ɗora wa wake abin da ba zai iya ba. Mafi yawan abin da ya kamo cikin 'ya'yansa yake tafiya, mu kuma mu tsinke mu ci. Abin da zai bar wa ƙasa kaɗan ne, fangalin zai buƙaci takinsa kamar kowane.

Itacen tuffa da ke kusurwa ruwa kawai nake ba shi. Taki mai naitirojin ko sassabe mai yawa a yanzu sabon toho za su jawo, wanda ba zai yi ƙwari ba kafin sanyi ya ƙone shi.

25 ga Satumba

Dare da rana sun daidaita kwana biyu-uku da suka wuce, daga yanzu dare ne ke gaba. Da asuba ma'auni ya nuna digiri 8.

Na tsinki wake karo na farko, siriri, yana karyewa ƙas. Ya riga lissafina da fiye da mako biyu, zafin Agusta ne ya tura shi. In ana tsinka duk bayan kwana biyu zai ci gaba da yi, in aka bar ƙwaya ta cika a ciki sai ya ɗauka ya gama aikinsa. Kabeji ya fara naɗe kai. Na buɗe raga na tarar da tsutsa a kan ɗaya, inda ganye ya girma ya jingina da ragar, na ɗaga ta da sanduna masu tsawo. Karas ya kai kaurin ƙaramin yatsa. Latas na farko ina cirar ganyen waje, ina barin tsakiya.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na fito da mayafan rufi na duba, na lanƙwasa waya na kafa a kan wake da latas. Ranar 15 ga Oktoba matsakaici ce kawai, daskarewar na iya riga ta da mako biyu. Daren da za a kula da shi shi ne wanda sama ta yi garau, iska ta tsaya, domin a irinsa ne ƙasa ke sakin ɗuminta ba abin da ke tare shi, kuma kwari ya fi tudu kamuwa. In hasashe ya ce digiri 3 ko 4, a fuskar ƙasa yana iya kai sifili. A irin ranar zan shayar da fangali da rana, don jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe ɗumi, in rufe kafin rana ta faɗi, in buɗe da hantsi. Siririn mayafi yana ƙara kamar digiri biyu, wanda sau da yawa ya isa. Leda in ta taɓa ganye, wurin da ta taɓa ne ke ƙonewa.

Saura tafarnuwa. Na samo irin shuka, ba ta kasuwar cefane ba, wadda ba a san yanayin da ta saba da shi ba. Tana buƙatar makonni na sanyi kafin kanta ya rabu gida-gida, shi ya sa ake sa ta a kaka a girbe a tsakiyar zafi mai zuwa. Fangali na uku ba zai karɓe ta ba, tunda albasa ce ta tashi daga can, kuma dangi ɗaya ne, farar ruɓar da ke kama su tana iya zama a ƙasa fiye da shekara goma. Fangali na farko za ta shiga, bayan tumatir ya tashi: zurfin santimita 5, tsini sama, tazarar santimita 15, manyan 'ya'ya kawai. Kawunan suna cikin kwando a inuwa, ba zan ɓare su ba sai ranar shuka.